Kusurwa Huɗu

A Dundee, kusa da bakin kogin Tay,
inda ruwan sama ba ya sallama,
tsoho Fergus Petrie ke yi wa hotuna firam.
Ni ke share masa garin katako da yamma.

A wurinsa na ji kalmar ta sauko daga bango
ta kama aiki.
Frame, in ji shi, ba katako kaɗai ba ne.
Da ita muke yi wa tambaya shinge,
mu ce daga nan zuwa nan ne matsalar.
Da ita kuma ake ƙulla wa mutum sharri,
amma wannan hirar wata rana ce.

Ran Laraba Isla Drummond ta shigo,
lemarta na ɗiga a kan dabe,
da hoton mijinta, marigayi, a jirgin kamun kifi,
ƙanensa Callum a gefe,
wanda rabonta da yi masa magana
tun rigimar kuɗin jirgin, shekara tara.

Ta ce, yaya za a yi a fitar da wannan?

Tsoho bai tanka ba.
Ya ɗauko kwali biyu masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu,
ya aza, ya matso da su a hankali.
Teku ta tafi.
Callum ya tafi.
Sai yatsu huɗu suka rage
a kafaɗar mamacin,
da dariyarsa, ta karkata hagu
tana kallon inda babu kowa.

Ya ce, ga amsar tambayarki.
Ko kina da wata?

Ta daɗe tsaye.
Bas biyu suka wuce, gilashin taga ya yi rawa.
Ta ce, to yaya zan yi in riƙe dariyar nan
yadda take?

Ya ja kwalayen baya,
teku ta dawo, da igiyoyi, da mutumin.
Ya ce, wannan kuma
sai katako mai faɗi. Fam talatin da biyu.

Ta ce ya yi tsada. Ta biya.
Ba ta ce ta yafe wa kowa ba.

Da dare ina shara,
na ɗauki kwalayen na ɗaga su saitin taga,
na sa titi a ciki, na fitar,
na sa hasken gada,
ina juya tawa tambayar
da na shekara ina yi wa kaina ta fuska guda,
har tsoho ya kashe fitila
ya ce in ajiye masa kayan aiki.