Shingen da Ba a Gani

Ruwa ya ɗauke da hantsi.
Hilda Pask ta naɗe lemarta,
ta ce in taka a hankali, ciyawa da santsi.
Shekararta saba'in da ɗaya, gwiwa guda ta ƙarfe ce,
amma ni ne mai haki kafin mu kai kan tudu.

Daga can ido ya sha:
kore ya miƙe har inda sama ta sunkuyo,
tumaki warwatse kamar an zubar da auduga,
tafki kwance, ya lanƙwasa wuya ya ɓuya a bayan itatuwa.
Na ce, "Allah ya yi halitta a nan."
Ta yi dariya har tabarau ya zamo mata kan hanci.
"Da shebur aka haƙa shi,
ƙarti ɗari uku, shekara huɗu,
ladan kwabo da busasshen burodi."

Ga wani kango a kan dutse,
rabin hasumiya, taga ba gilashi.
Na tambayi yaƙin da ya ci shi.
Babu yaƙi.
A rushe aka gina shi,
don maigida ya riƙa hangen tsufa yana kurɓar shayi.

Na ɗaga ƙafa, ta cafke mini hannun riga.
Ashe ƙasa ta yanke a gabana:
rami, gefe guda jan bulo, zurfinsa ya kai ƙirji.
Tunkiya ba ta haura shi,
ido kuwa ya tsallake bai sani ba.
Ha-ha suke kiransa,
wai abin da baki ke faɗi in ƙafa ta gano shi.

Sai ta nuna da tsinin lema
wani fili da ba komai sai hankaki biyu.
"Ƙauye ne da. Gida goma sha tara, maƙera, rijiya.
Hayaƙin girkinsu ya ɓata wa babbar taga kallo,
aka kwashe su bayan tudu.
Kakar kakata, Dorkas, tana cikin amalanken ƙarshe,
rungume da tukunya, da kyanwa a cikin tukunyar."

Ta ce shekarar da ruwa ya yi rowa
ciyawa kan ƙone a kan tsohon harsashi,
ɗaki-ɗaki su fito, layi-layi, ruwan ɗorawa.
Ƙasa in ta ji ƙishi ba ta riƙe amana.

Duk Talata takan zo, ba a biyanta,
ta aske furanni, ta nuna wa baƙi hanya.
Na ce, "Ba ya ci miki rai?"
Ta dubi tsofaffin itatuwan, ta ɗaga kafaɗa.
"Su dai dasa su aka yi."

Muka zaga ta ƙaramar gada muka shiga filin.
Ta ƙirga taku daga wani kututture, ashirin da shida,
ta shimfiɗa leda, ta zauna da ƙyar,
ta raba burodinta da cuku gida biyu.
"Matso," in ji ta,
"ka tsaya mana a bakin ƙofa."