Sauran Ɗari Biyar Ɗin

Shekara ashirin da shida ina jan bas
daga Kusko zuwa Lima, daga Lima zuwa Kusko.
Kilomita dubu da ɗari, in ji takardar kamfani,
awa ashirin da ɗaya in dutse bai zubo ba.
Gwiwata ta dama ta fi takardar sani.

Sai ga Ubaldina a waya: "Baba, na sauka lafiya.
Na yankar maka tikitin jirgi, ban da gardama."
Ni da ban saba da kujerar da ba sitiyari ba.

Matuƙin ya yi magana ta lasifika,
wai awa ɗaya da 'yan mintoci,
wai bai cika kilomita ɗari shida ba.
Na yi dariya ni kaɗai.
To, sauran ɗari biyar ɗin wa ya cinye?

Na manna goshi a taga ina nemansu.
Ina gangaren Abankay,
inda gari ke ƙasa da kai kamar an watsar da garwashi,
ka hango shi tun faɗuwar rana,
ba ka taɓa shi ba sai birki ya yi ƙauri?
Ina rumfar Eulojiya a Pukiyo,
romon kaza ƙarfe uku na dare,
dankali guda a ciki kamar dunƙulen hannu,
bashina na kwano biyu a bayan kalandarta?
Ina ɗan gicciyen nan na kwana ta tara bayan gada,
mai sunan Teodosiyo, abokin tuƙina,
wanda nake danna wa hon sau biyu
ko fasinja na barci?

Babu komai sai gajimare,
fari kamar ulun da ba a kaɗa ba.
Wata yarinya ta miƙo mini ruwa a kofin takarda.
Ban shanye ba aka ce a ɗaura bel.

Na sauka Lima da sanyin Kusko a rigata.
Kunnuwana a toshe,
ƙafafuna a bakin teku,
gadon bayana yana can yana jiran Naska.

A asibiti aka ɗora mini shi.
Bai kai nauyin jakin mota ba,
fatar yatsunsa a yamutse, ja,
ko kwana bai yi a duniya ba.
Ubaldina ta ce, "Ka ga sauƙi?"
Ban tanka ba. Ina tuna ranar haihuwarta:
ni a Calwanka, bayan zaftarewar ƙasa,
fasinja arba'in da buhun masara,
sai a kwana na huɗu na ga fuskarta,
har ta koyi kuka ba da ni ba.

To, na gane wanda ya cinye ɗari biyar ɗin.
Na yafe masa.

Amma komawa a bas na koma,
kujera ta ɗaya, bayan direba,
wani yaro mai gashin baki kamar an zana da biro.
Na biya Eulojiya kwanonta biyu, na ci na uku.
Da muka doshi kwanar sai na taɓa kafaɗarsa.
"Sau biyu," na ce.
Bai tambaye ni dalili ba.