Taku Goma Sha Biyu

Daren Lahadi a Ilhéus, ruwa na tsuga,
warin teku na shigowa ta taga.
Gobe jikata Jucélia za ta cika bakwai,
kek take so, na cakulan, baƙi wuluk,
irin wanda in an yanka yake ɗan danƙarewa.

Ƙwai huɗu. Na biyar ya suɓuce, kare ya lashe.
Fulawa kofi biyu, na tankaɗe, na sake,
sukari, bota da ta saki jiki tun la'asar,
sai garin koko. A nan hannuna kan tsaya.
Babana Edvaldo, shekara talatin da ɗaya
yana murza ƙwayar koko da ƙafa a gonar wasu,
tafin sawunsa a rine ya shiga kabari,
bai taɓa jin ɗanɗanonta a cikin kek ba.
Shi ya sa nake ƙara cokali guda,
nasa ne, ba ya cikin aunawa.

Na buga har kafaɗata ta yi ƙara,
ƙullin ya yi sheƙi kamar laka a gona.
Ƙofar tanderuna ta daɗe da lalacewa,
da kujera nake tokare ta.
Minti goma sha biyar, gefe ya soma tashi,
ɗakin girki ya cika da ƙamshi,
sai wuta ta yi tari, ta lumshe, ta mutu.
Na girgiza tukunyar gas: fayau.
Mai sayarwa ya kulle, sai Litinin da hantsi.
Shi kuwa kek bai san jira ba,
da ya sha iska cibiyarsa ke lotsawa.

Gida ɗaya ke da fitila a layinmu,
na Marinalva.
Shekara shida ko sannu ba ta haɗa mu,
a kan reshen mangwaro da ya haura katanga.
Ni na sare, ita ta zagi uwata.
Ko zagin ne ya riga saran? Na kasa tunawa.

Na naɗe gwangwanin da tawul biyu,
na kifa roba a kai saboda ruwa.
Taku goma sha biyu, silifas na santsi,
na buga ƙofa da gwiwar hannu.
Ta buɗe. Ta dube ni, ta dubi tawul, ta shaƙa.
"Minti nawa ya yi?" Iyakar tambayarta.
"Sha biyar."
"To shigo mana, kina tsaye yana hucewa."

Muka tasa gilashin tanderunta gaba
kamar masu jinya a bakin gado.
Babu wadda ta ambaci mangwaro.
Ta yi furfura. Ban san mijinta na kwance ba
sai da na jiyo tarinsa daga ƙurya.
Ta juye madarar gwangwani a tukunya,
koko, ɗan bota, cokalin katako na zagaye,
ta ce, "Naki kullum samansa a bushe yake,
ta katanga nake jiyo ƙaurinsa."
Amsa ta zo mini har leɓe,
na mayar da ita, na hau haɗiyewa.

Tsinke ya shiga, ya fito kusan tsaf.
Tsakiya dai ta lotsa, kamar an danna da gwiwa.
Ta kwarara narkakken cakulan a ramin,
ya cika, ya tumbatsa, ya gangaro gefe-gefe.
"Wa zai sani," in ji ta, "in ba mai tonawa?"

Da safe Jucélia ta hure kyandir bakwai,
ta nuna tsakiya da yatsa, wai nan ya fi daɗi.
Na yanka biyu a farantina mai bakin shuɗi,
na miƙa ta saman katanga,
daidai inda reshen nan yake a da.
Hannu ya karɓa, ban ga fuska ba.

Yau kwana tara, farantin bai dawo ba.
Na san halinta sarai:
so take in je da ƙafata karɓowa.