Littafin Baƙi na Kusugu

Shekara goma sha tara ina jan wasakin nan,
ni Sallau ɗan Tambai, mai buɗe ƙofar Kusugu.
Igiya ta ci tafin hannuna har ya yi kanta.
Ga littafi mai baƙin bango a kan tebur,
duk wanda ya kurɓi ruwan sai ya sa hannu.

Shafukan farko cike suke maƙil.
Akwai rubutu mai gangarowa daga sama kamar ruwan indararo,
wata 'yar Japan ta zana mini kyanwa,
wani tsohon Bajamushe ya rubuta "na goode"
ya ƙara wasali ɗaya, kyauta.

Juya zuwa baya ka gani:
'yan firamare daga Sandamu, 'yan sakandare daga Mai'aduwa.
Baƙin ƙetare, bara uku.
Bana ɗaya.

Ranar Laraba ta zo, Marit sunanta,
motar 'yan sanda a gaba, wata a baya,
jiniya ta watsa awakin unguwa.
Ta ce daga Katsina shinge bakwai ta ƙirga,
buhunan yashi, katako mai ƙusoshi,
buɗe but, kawo fasfo, ina za ki, wa ya aiko ki.
A na biyar aka sa ta goge hoton wata kuka
don akwai tanti a bayan kukar.

Na ba ta labarin da nake bai wa kowa:
macijiya ta tsare rijiya, ba ɗiba sai Juma'a,
har baƙo ya sauka da dare yana neman ruwa.
Ta yi dariya, ta ce da yau ne
da yana nan a shinge na biyu
ana tambayarsa takardar takobi.

Sajan ya dubi agogo. Minti ashirin aka yanka mana.
Lantana mai faifai tun hantsi ta baza kaya,
ta naɗe abinta, ko tayi babu.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.
Amma bayan isha'i ƙanena Ilu direba ya shigo,
daga hanyar Batsari, yana karkaɗe hula.
Ya ce tun da aka kafa shinge a kwanar nan
ya daina cusa kuɗi a safa,
matarsa ta daina kiransa sau goma kafin la'asar.
"Yaya, gara baƙuwarki ta gaji da tsayuwa
da a bugo maka waya a ce ka sayar da gona."

Ban tanka ba. Na ja tabarmata.
An ce baƙo raɓa ne,
raɓa kuwa ba ta shiga rufaffen tulu.
Amma tulun da ya kwana a buɗe,
ni mai rijiya ne, na san abin da ke faɗawa ciki.

Da safe na buɗe littafin.
Ta rubuta "sai na dawo", direbanta ya koya mata.
A ƙarƙashi kuma ga wani hannu, manyan baƙaƙe:
Sajan Okon, daga Kalaba.

Sai na tuna.
Kafin su tashi ya rataya bindigarsa a baya,
ya leƙa rijiyar ya daɗe,
ya ce wata shida yana tsaron garin nan
bai san tana da zurfi haka ba.
Ya roƙi ruwa. Na ja masa wasaki guda.
Ya sha, ya wanke fuska,
ya miƙo mini wayarsa in ɗauke shi hoto.