Allura Ta Iya Jira

Ran Laraba kwasar adashi ta faɗo kaina,
dubu arba'in da biyar, Hajiya Turai ta ƙirga sau biyu.
Na ƙulle su a bakin zane, na kwance, na tusa su ƙasan samira.
Daren nan ni da kuɗin muka kwana muna shawara.

Lawandi ya yini kan babur, ƙashinsa ya gaji.
"Yi abin da ya kwanta miki," iyakar abin da ya ce,
ya juya ya bar ni da sauro da lissafi
da Huzaifa ɗan wata tara.

Zuciyata ta fara zuwa wajen kasko.
Bara'atu ta gidan kwana tana yi, har ta sayi awaki,
in la'asar ta yi, layi har bakin kwata.
Amma na ga bayan hannun autanta, tabo ya kwanta fari fat.
Shi ma rarrafe yake ran nan, waigawa kawai ta yi ta ba da canji.
Mai in ya yi zafi bai san ɗan kowa ba.
Na haƙura da awara.

Zoɓo fa? Firjin aurena na nan a lungu,
ya zama ma'ajin kwanuka da littattafan Zulai.
Wutar Tudun Wada baƙuwa ce, daga sallama sai ban kwana,
mai dogara da ita ruwan ɗumi zai sayar
yana kiran sa ƙanƙara.

Ƙanwata ta bugo daga Kano, bakinta cike da riba:
turaren wuta, humra, a ɗauki hoto a sa a waya.
Na ce ƙirjin Huzaifa fa, da ko hayaƙin murhu
kan sa shi kwana yana busar usur?
Ta yi jim, ta ce, "To, ke kika san yara."

Maƙwabciya ta ce in dafa gyaɗa in ɗora wa Zulai tire.
Zulai da ta zo ta uku a aji!
Ban tanka ba, na ci gaba da shara.

Da asuba ina laluben ashana
cikin gwangwanin Inna, Allah ya ji ƙanta,
sai wani abu ya soke ni a yatsa.
Hula ce rabin aiki, koren zaren ya koɗe,
kuma daidai inda aka tsaya, shekara goma sha ɗaya ke nan,
ba ta ƙone ba, ba ta yi tsami ba, ba ta yi fushi ba,
tana nan tsaye, allura.

Na tuna Inna kan soke ta ta miƙe,
ta raba mu faɗa, ta sauke tuwo, ta wanke wa wani majina,
ta dawo ta tarar da aikinta inda ta bar shi.
Ashe abin da na kwana nema ke nan:
sana'ar da, in ɗana ya yi kuka,
za ta iya jira.

Na san ba ta da sauri.
Hula guda sati uku, in zazzaɓi bai leƙo gida ba.
Ido zai yi yaji, wuya ya sage.
To, komai ƙanƙantarta ƙarfe ce.
Na aiki Lawandi yadi da zaren dubu goma sha biyu,
na ɓoye saura.

Ta farko ta tafi Mai'adua ran Lahadi.
Gefen hagu akwai inda zanen ya karkace,
daren da haƙorin Huzaifa ya fito ne,
ina jijjiga shi da ƙafa, ina ɗinki da hasken waya.
Malam Isiyaku dillali ya taɓe baki, ya ce in warware.
Na ce ya rage ɗari biyar ɗinsa, ba zan gyara ba.
Yanzu wani na yawo da daren nan a kansa, bai sani ba,
ko a Kwangwalam, ko can ƙetaren iyaka,
ko nan cikin Daura.