Takardar Balangu

A Kwangila na sayi balangu da daddare,
mai naman ya naɗe min shi a wata takarda.
Da na isa gida mai ya riga ya jiƙa ta,
amma ƙarƙashin yajin akwai baituka shida.
Kan takardar ya yage. Babu suna.

Na karanta a tsaye, ban ko cire takalmi ba.
Waƙar wani ce mai jiran jirgi a tashar Sabon Gari,
jirgin da ya ce ya daina tsaya masa tun yana yaro,
amma wai har yau ƙarfen dogo yana da ɗumi
in ka ɗora kunci a kai bayan la'asar.
Naman ya huce ban sani ba.

Kwana uku ina yawo da ita a aljihu.
Na auna karinta da yatsa a kan hannun kekena,
ƙafa ɗaya tana ɗingishi a baiti na huɗu,
na ce ɗingishin nan ma ado ne,
kamar wushirya a bakin mai murmushi.

Ran Juma'a a majalisarmu ta Tudun Wada
na karanta wa jama'a, ina ta jinjina kai.
Sai Ilu ya fashe da dariya:
"Ai ta Jatau ce, mai gyaran rediyo."

Jatau! Wanda muka kai juna ƙara kan kwata bara,
wanda na sha cewa waƙarsa kunu ce ba tsamiya,
alhali ko ɗango biyu nasa ban taɓa karantawa ba.

Nan take ɗingishin ya zama gurgunta a idona.
Na dawo gida ina neman aibi da fitila,
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
ina fatan tsakuwar ta fi shinkafar yawa.

Can sai na tsaya. Wace kalma ta canja tun jiya?
Ko ɗaya. Mudu ne na sauya,
irin ɗan kasuwar nan mai mudu biyu,
babba na saye, ƙarami na sayarwa.

To ga hukuncina, da suna da babu suna:
baiti na huɗu yana da rauni, wannan gaskiya ce,
na yi masa sassauci da fari, na tsananta daga baya.
Sauran biyar ɗin kuwa, ni ban iya irinsu ba.

Gobe zan bi ta rumfarsa a Tudun Jukun.
Maganar kwata tana nan, ban janye ba.
Zan dai tambaye shi baiti na bakwai,
wanda wuƙar mai balangu ta tafi da shi.