Takalmin Aro

A masaukin bayan tasha, a Kasala,
gadon igiya ne a tsakar gida,
rufinmu taurari, fankarmu iska.
A bakin randa muka tarar da juna,
kowa da jakarsa a baya kamar kunkuru,
babu wanda ya san sunan uban wani.

Radek, dogo, rana ta mai da shi tattasai.
Wekesa, mai dariya tun ba a kai ƙarshen zance ba.
Sai Ohaj, ɗan mai masauki,
wanda ya dubi silifas ɗina, ya dubi dutse,
ya shiga ɗaki bai ce uffan ba,
ya fito da takalmin yayansa da ya tafi aikin jirgin ruwa.
Ya fi ƙafata da yatsa biyu.
Na cusa tsohuwar jarida, na ɗaure, na yi bismillah.

Ladan bai gama sauke murya ba muka fita.
Totil na tsaye, sumul kamar ƙwaryar da aka kife,
ba tsani, ba inuwa, ba wurin roƙon arziki.
Ni da na tashi a Azare,
inda tudun da na sani shi ne jujin bayan kasuwa,
na ɗaga kai har hulata ta faɗi.

Da farko ƙafa ce ke hawa.
Daga baya gwiwa ta shigo, tafin hannu ya shigo,
har haɓa ta nemi inda za ta dafa.
Gwaggon biri ya zauna a kan fa yana ƙirga mu,
ya sauko, ya zare ƙullin dabino daga jakar Radek,
ya koma mazauninsa kamar mai karɓar haraji.

A wata tsaga na tsaya.
Gaba santsi, baya rami,
ƙafar hagu na rawa ba da izinina ba.
Na tuna bashin da ake bi na, na tuna uwata,
na tuna ban gaya wa kowa ina nan ba.
Wekesa bai yi dariya ba.
Ya kwanta rub da ciki, ya miƙo hannu,
hannun da shekaranjiya ban san akwai shi a duniya ba.
Na kama.

A sama, magana ta ƙare wa kowa.
Ga kogin Gash kwance, yashi zalla,
ga lambunan mangwaro sun yi masa kore a gefe,
motoci kamar ƙwaro, gari kamar shanyar gero,
can gabas duwatsun wata ƙasa suna leƙen mu.
Gora ɗaya ta rage.
Ta zagaya baki huɗu, ta dawo da saura.

Saukowa ta fi hawa cin rai.
A gindin dutse, wajen masu gahawa,
na zube a tabarma na ce, "Wayyo ƙafata!"
Tsohuwar da ke fifita gawayi ta ɗago:
"Sannu, ɗan nan."
Da Hausa. Hausa mai ƙanshin Larabci, amma Hausa.
Tabawa sunanta. Kakanta ya baro Gaya a ƙasa,
da niyyar Makka, da sanda, da buta,
shekara bakwai yana tafe yana noma a gonar mutane,
a nan guzuri ya ƙare, a nan aka haifi ubanta.
Ba ta taɓa ganin Gaya ba.
Ta tambaye ni ko har yanzu ana dambu a can.

Ta zuba mana gahawa mai citta, kofi uku-uku,
ta dubi jaridar da ta leƙo daga dunduniyata.
"Na aro ne?" Na ce na aro ne.
Ta ce, "Shi ko na aron bai samu ba."

Washegari Radek ya bi motar Khartum,
Wekesa ya rubuta lambarsa a bayan tikiti,
gumi ya cinye biyun ƙarshe.
Na kakkaɓe takalmin zan mayar wa Ohaj,
tsakuwa ɗaya ta faɗo, ja, ƙanƙanuwa.
Ita ce ta yini tana cizon ɗan yatsana.
Tana aljihuna har yau.